Ɗigo Ɗari Huɗu da Sha Ɗaya

Na taso daga Samaru da igiyar awo a jaka,
da takarda mai gidan dara, da fensir biyu.
Na bi hanyar Shika har inda kwalta ta gaji.
Baba Nomau na jirana a gindin marke,
adda a kafaɗa, goro a kunci.

Muka kafa turaku huɗu, muka ɗaure daji.
Duk itacen da ya faɗo ciki ya koma ɗigo:
ɗorawa ɗigo, kaɗanya ɗigo,
tsamiyar da ta girmi kakana ita ma ɗigo,
daidai da taurar da ba ta kai ƙuguna ba.
Takarda ba ta san inuwa ba.
Gabas kaza, arewa kaza, shi ke nan.

Malaminmu ya ce a fara da zaton babu dalili,
a ɗauka an watsa su ne kamar tsabar gero
daga hannun yaron da ya yi tuntuɓe,
ba wadda ta san da zaman 'yar'uwarta.
Sai a zana da'ira a kan kowace, a ƙirga maƙwabta,
a faɗaɗa, a sake ƙirgawa.
In sun yi yawa, cincirindo ne,
in sun yi kaɗan, gudun juna suke.

Na karanta wa Baba wannan. Ya tofar da tuƙa.
Ya ce, "'Yar boko, tsamiya ba ta zaman banza,
duba ƙafarta ki ga suri.
Gawon can a cikin shanu ya zo,
bi sahunsa, zai kai ki burtali.
Kaɗen nan jemage ya yar da ƙwallonsu
a hanyarsa ta komawa rimi.
Maɗaci kuwa ba ya son matsi,
kamar mai kuɗi a motar haya."
Ban rubuta ba. Babu gurbinsa a takarda.

Wata kanya ta tsaya taku ɗaya bayan igiya,
rassanta a ciki, gindinta a waje.
Na tsallake ta. Akwai lissafin da ake yi
don maƙwabtan da iyaka ta ɓoye,
amma har la'asar ina jin idonta a ƙeyata.

Da dare, janareta na tari a bayan ɗaki,
kwamfuta ta shuka mini dazuka casa'in da tara,
dazukan ƙarya, ba suri, ba jemage, ba kofato.
Na ɗora nawa, na ɗari, a kansu.
Layinsa ya bi garke kaɗan,
sai ya ɓalle ya haura sama shi kaɗai.
Na bi sawu har kusurwar yamma:
kukoki bakwai sun yi zobe,
tsakiyarsu fayau, ko ɗigo babu.

Ran Laraba na koma da takardar.
Baba ya riƙe ta a juye, bai damu ba.
Ya ɗora yatsa a kan farin wurin.
"Nan rijiya take. Nan aka binne cibiyata.
Wannan ta miyar Inna ce,
waccan ta gidan maƙera.
Shekarar da ruwa ya ƙafe muka tashi,
su suka ƙi."

Ya miƙo mini, ya shiga gyara wa addarsa zama.

A hanyar fita na ji warin hayaƙi.
Ɗigo na tamanin da biyu, da na kusa da shi,
da kiryar da na auna da hannu biyu ban gama ba,
sun zama kututture, ɗanye, yana tsatsafo.
Buhunan gawayi shida na jiran mota a bakin titi.

Na zauna a kan na tamanin da biyu,
na fito da abin gogewa.
Kanyar nan tana can bayan igiya.
Har aka kira magariba daga ƙauye
yana hannuna.